Auna Haske Kafin a Ɗauki Hoto

A cikin duk abin da mai hoto ke ɗauka a ƙasar Hausa, babu mai wuya kamar dattijo baƙi sanye da farar babbar riga, yana zaune a bakin zaure. Rigar shadda ce ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Aikin da ke wuyanta, aska takwas ne ko aska biyu, farin zare ne a kan farin yadi. Fuskar tana ƙarƙashin inuwar rawani, bayansa kuma duhun zaure ne wanda ko da tsakar rana ba ya washewa. Idon mutum yana ganin duka ukun a lokaci guda ba tare da wahala ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa, sai an zaɓar mata. Shi ya sa in ka buɗe tsofaffin kundayen hotuna a gidajen Gaya da Ajingi, ko ka duba waɗanda aka rataye a bangon ɗaki a Gafasa da Balare da Toranke, za ka yi ta cin karo da ɗayan biyu. Ko dai rigar ta ƙone ta zama farin fili, babu ko zare ɗaya na aikin da maɗinki ya yi wata da watanni a kansa, ko kuwa rigar ta fito tas amma mai ita ya dulmiya cikin duhu, sai idanu kawai.

Akwai masu hoton da wannan ba ya samun su, kuma ina jin daɗin kallon aikinsu tun kafin su ɗaga kyamara. Mutum zai kafa sandar filashinsa, ya buɗe farar lema a gabanta, sannan ya bar kyamarar a inda take, ya tako har gaban wanda za a ɗauka. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, zan ɗan auna haske."

Sai ya ciro wata 'yar na'ura daga aljihu, ba ta fi tafin hannu ba, da wani ɗan farin ƙoƙo a kanta. Ya riƙe ta daidai ƙasan haɓar dattijon, ƙoƙon yana fuskantar kyamara. Ya ce wa yaronsa, "Buga." Filashi ya haska. Ya duba ya ga lamba 8. Ya miƙe ya koma, ya murɗa kyamarar ya ajiye ta a 8, ya ɗauka sau ɗaya ko biyu. Idan hoton ya fito, ga aikin wuyan rigar zare-zare, ga zanen da ke fuskar dattijon, ga furfurar gemunsa.

Ma'aunin haske ke nan, na hannu. Kowace kyamara ta zamani tana da nata ma'aunin a ciki, har wayar da ke aljihunka, to me ya kawo na hannu? Amsar tana ga inda kowannensu ke tsayawa. Na cikin kyamara yana can wurin mai hoto, yana auna hasken da ya bugi abu ya dawo. An kuma gina shi a kan wani zato, wai duk abin da ke gabansa, in aka gauraya farinsa da baƙinsa, zai tashi a toka-toka matsakaici, irin wanda ke mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A fili mai bishiyoyi da ƙasa da mutane cikin kaya kala-kala, zaton yakan yi daidai. Amma cika wa kyamara ido da farar shadda, sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa ta rage, riga ta koma ruwan toka, fuska ta ɓace. Cika mata ido da duhun zaure, ta ɗauka haske ya gaza ta ƙara, riga ta ƙone. Mutumin bai motsa ba, hasken bai canza ba, amma da mai hoto ya matsa taku biyu gefe, lissafin ya rushe.

Na hannu kuwa yana zuwa ne ya tsaya a inda mutum yake, ya auna hasken da ke sauka a kansa tun bai dawo ba. Ba ya ganin riga, ba ya ganin bango, ba ruwansa da ko mai zaman baƙi ne ko wankan tarwaɗa. Ƙoƙon nan ma da dalili aka yi shi a dunƙule: fuskar mutum ba allo ba ce, tana da goshi da kumatu da hanci, haske yana zo mata ta gaba da ta gefe da ta sama, ƙoƙon kuma yana karɓar hasken ta waɗannan fuskoki duka. Wani Ba'amurke mai suna Don Norwood ne ya fito da wannan siffa, ma'auninsa ya shiga kasuwa a shekarun 1940, daga baya kamfanin Sekonic na Japan ya ci gaba da ƙera irinsa. Idan ka bi lambar da ya ba ka, fari zai fito fari da zarensa, baƙi ya fito baƙi da shaidarsa, kowa da launin da Allah ya yi shi.

Da hasken rana ne kaɗai, da ido mai gogewa zai iya kintata. Filashi ne ya sa ma'auni ya zama dole. Hasken filashi ba ya daɗewa, yawanci kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne ko ƙasa da haka, ido bai gama ganinsa ba ya wuce. Babu wanda zai kalli walƙiya irin wannan ya ce ga yawanta. Masu hoton farko sun sha fama da ita: a 1887 wasu Jamusawa suka haɗa garin maganiziyam da ake kunna wa wuta ya tashi da hayaƙi, a wajen 1929 aka fito da ƙwan da ke ƙonewa sau ɗaya a jefar, sannan a 1931 Harold Edgerton na cibiyar MIT a Amurka ya fito da fitilar lantarki mai walƙiya wadda ita ce kakar filashin yau. Ma'aunan da kamfanin Weston na Amurka da Gossen na Jamus suka fara sayarwa a farkon shekarun 1930 allura gare su, kafin allurar ta motsa walƙiyar ta wuce. Sai daga baya aka samu wanda ke iya cafke ta ya tara ya faɗi yawanta.

Abu uku ne mai hoto ke wasa da su. Na farko ISO, wato saurin kamun hasken fim ko na'urar da ta gaje shi, 100 ko 200 ko 400. Na biyu labulen cikin kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe, 1/60 ko 1/125 ko 1/200 na daƙiƙa. Na uku ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke, kuma lambobinta ne ma'auni ke nunawa: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Girman lamba, ƙanƙantar ƙofa. Daga kowace lamba zuwa ta gabanta mataki ɗaya ne, kuma kowane mataki rabin hasken da ya gabace shi yake bari ya shiga. Wanda ya haddace wannan jeri ya riƙe rabin sana'ar.

Kafin ya tako wurin dattijo, gwanin ya riga ya gaya wa ma'auninsa biyu daga cikin ukun. Ya sa masa ISO daidai da na kyamara, ya sa masa saurin labule, sai ma'aunin ya cike na ukun. Ya kuma juya shi zuwa wurin auna filashi. Wasu suna haɗa shi da filashin da waya, su danna su haska da kansu. Wasu su danna shi ya zauna jira, da walƙiya ta zo ya kama. Sannan dole filashin ya kasance a hannun mai hoto, shi ke faɗa masa ƙarfin da zai bayar: cikakke, ko rabi, ko 1/4, ko 1/8. In aka bar shi yana sarrafa kansa, yakan fara sakin wata 'yar walƙiyar gwaji kafin ta gaske, ma'auni ya kama ta farkon ya ba da lambar banza. Nan ne sababbin shiga ke yawan tuntuɓe, su ce na'urar ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Akwai wani sirri a nan da na fi so a cikin duka sana'ar. Labule ba shi da iko a kan hasken filashi. Ko ka sa shi a 1/60 ko a 1/200, walƙiyar ta riga ta shiga ta gama aikinta tun labulen yana buɗe. Ƙofa da ƙarfin filashi da nisansa su ke hukunta fuskar mutum. Labule kuwa shi ke hukunta abin da filashi bai kai gare shi ba, wato bayan hoto: fitilar da ke cikin zaure, jan sararin magariba, jama'ar da ke tsaye can nesa. Saboda haka gwani yana ɗaukar hoto biyu ne a cikin ɗaya. In yana son bayan ango ya yi duhu don angon ya fito shi kaɗai, sai ya hanzarta labule. In yana son a ga rumfa da fitilu da taron 'yan uwa, sai ya sassauta shi zuwa 1/30, fuskar ango kuma tana nan yadda take. Iyaka ɗaya ce: yawancin kyamarori ba sa yarda a wuce 1/200 ko 1/250 da filashi, in an wuce sai labulen ya tare wani sashe, baƙin layi ya fito a gefen hoto.

Waɗanda suka yi zamanin fim ba dukansu ne ke da ma'auni ba, kuma ba zan rage musu daraja ba. Lissafi suke yi a ka. Kowane filashi yana zuwa da wata lamba ta ƙarfinsa, ka raba ta da nisa ka sami ƙofa. Mai lamba 32 a ISO 100, in mutum yana mita 4, ƙofa 8 ke nan. Lissafin yana aiki, amma a ɗaki mai farin bango da silin aka fi samun sa daidai, inda haske ke bugun bango ya dawo ya taimaka. Bangon jar ƙasa shanye haske yake yi. Rufin azara da ya sha hayaƙi ba ya mayar da komai. A filin ƙofar gida da daddare kuwa, duk hasken da ya wuce mutum ya tafi ke nan. In ka ƙara lema a gaba, ita ma ta ci nata rabon, mataki ɗaya ko fiye. Ga shi fim ɗaya hoto 36 ne, kuma mai hoton ƙauye ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya hau mota ta Wudil ya kai wanki Kano ya dawo. Kafin nan an kai amarya, baƙi sun watse, ba a sake ɗaura auren don hoto ya gyaru.

Duk da haka a cikin wannan ƙunci aka yi aikin da duniya ke kallo har yau. Malick Sidibé na Bamako ya yi ta yawo da filashi a wuraren rawar samari da 'yan mata a shekarun 1960 da 1970, kuma ka dubi hotunansa na dare: farar taguwa da baƙar fuska, kowace ta samu haƙƙinta. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Banis a Italiya, ya rasu a 2016. A Yamai ma Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar dare ta birnin a wannan zamani. Irin waɗannan mutane sun san hasken filashinsu ciki da bai saboda yawan aiki. Gwanin tela yana iya kallon mutum ya faɗi yadin da zai ishe shi, amma ranar da aka kawo masa shadda mai tsada sai ya ɗauko tef kafin ya sa almakashi. Ma'auni shi ne tef ɗin, kuma yana ba yaro mai shekara biyu a sana'a tabbacin da a da sai an yi furfura ake samu.

Batun fatarmu kuma yana da tarihi da ya kamata mai hoto ya sani. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa ɗakunan wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake daidaita injin buga hoto mai launi. Idan fatar matar da ke katin ta fito daidai, an ɗauka inji ya daidaita. Wata malama a Jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta yi bincike a kan wannan ta wallafa a 2009, inda ta nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launukan hajarsu masu duhu ba sa rarrabuwa a hoto, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata daban-daban. Ma'aunin hannu bai gyara fim ba, bai gyara injin wanki ba. Abin da ya yi shi ne ya cire zato ɗaya daga hanya: ba a tambayar fatar mutum nawa ta mayar, ana tambayar haske nawa aka ba ta. A ƙasar da kusan kowace fuska baƙa ce kuma tufar girma fara ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda gwaninta ke fitowa fili sosai shi ne hoton taro. Ɗauki ranar saukar Alƙur'ani a Gafasa, bayan la'asar sakaliya, an jera ɗalibai a inuwar bangon makaranta, kowa da allonsa mai zayyana, malamai a zaune a gaba, iyaye a tsaye a baya. Mai hoto ya kafa filashi mita 2 daga sahun gaba. Sahun baya yana mita 4. Ya auna a gaba ya sami 11. Ya ratsa ta gefe ya je baya ya auna, ya sami 5.6. Mataki biyu ke nan, wato na baya kashi ɗaya cikin huɗu kacal suke samu na hasken da na gaba ke samu. Haka haske yake: in nisa ya ninka biyu, ba rabi yake komawa ba, rubu'i yake komawa. Wanda bai auna ba zai ɗauka a haka, malamai su fito fes ko ma su ƙone, iyaye su zama inuwa.

Shi kuwa sai ya ce wa yaronsa, "Ja sandar baya. Ƙara. Ƙara dai. To tsaya nan, ɗaga ta sama."

"Maigida, ai hasken zai ragu."

"Zai ragu, amma zai rabu daidai."

Yanzu sahun gaba yana mita 6, na baya yana mita 8. Ya ɗaga ISO daga 100 zuwa 400 don ya mayar da abin da nisa ya ci. Ya sake aunawa: gaba ya ba shi ƙasa da 8 kaɗan, baya ya ba shi 5.6. Bambancin bai kai mataki ɗaya ba. Ya ajiye ƙofa a tsakani ya ɗauka, kuma uban da ya sayar da buhun gero ya yi wa ɗansa ɗinkin sauka zai ga fuskarsa a hoton kamar yadda zai ga ta malam. Abin da ke burge ni a nan shi ne maganin ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. Kowa zai ce in baya ya yi duhu a matso da fitila. Ma'auni ne ke koya wa mutum ya ja ta baya.

Hoton amarya wani darasi ne daban. Ɗakin ƙarami ne, cike da jere da 'yan mata, leshin da ke jikinta duk duwatsu ne masu walƙiya, kwalliya ta sha hoda. Namiji baƙo ba zai kai hannu ƙasan haɓar amaryar mutane ba, saboda haka mai hoto mai ladabi yakan miƙa ma'aunin ga babbar ƙawa.

"'Yar uwa, don Allah riƙe mata nan, farin ya kalle ni. Kada yatsanki ya rufe shi."

A nan yakan yi aiki da fitila biyu, ko fitila ɗaya da farin allo mai mayar da haske. Ya kunna babbar ita kaɗai ya auna, a ce 8. Ya kashe ta ya kunna ƙaramar da ke ɗaya gefen ya auna, yana neman 5.6, wato rabin hasken babbar. Wannan bambanci na mataki ɗaya shi ke ba fuska siffa: gefe ɗaya ya haskaka, ɗayan ya ɗan lafa, kumatu da hanci su fito. In fitilun biyu suka yi kunnen doki, fuska ta baje ba ta da tudu ba ta da kwari. In bambancin ya kai mataki uku, rabin fuskar ya nutse, uwar amarya kuma ba za ta karɓi hoton ba. Ga dattijo mai rawani yakan yarda da mataki biyu, don zanen shekaru da kwarjini su fito. Ga amarya da jariri yakan tausasa.

Akwai abin da lamba ba ta faɗa, kuma gwanaye sun san shi. Baƙar fata tana bayyana ne ta hanyar sheƙinta. Ƙaramin filashi tsirara da aka ɗora a kan kyamara yana barin farin ɗigo mai zafi a goshi da kan hanci, musamman in an yi gumi, sauran fuskar kuma ta yi duhu, ko da ma'auni ya ce lissafi daidai ne. Babbar lema da aka matso da ita kusa tana shimfiɗa sheƙin a hankali daga goshi zuwa kunci, sai fatar ta yi kyau irin nata. Wasu kuma bayan sun ga 8 sukan buɗe ƙofa da rabin mataki in fatar mai duhu ce sosai kuma tufar ba fara ba ce, ko su tsuke kaɗan in leshi ya cika ƙyalli. Ma'auni ya faɗi abin da ke akwai, hukunci na mai hoto ne. Ban taɓa ganin laifin wanda ya saɓa wa lambar yana sane ba, tunda ya san daga inda ya tashi da kuma nisan da ya yi.

Da rana tsaka ma ana buƙatar filashi, abin da ke ba mutane mamaki a wurin ɗaurin aure. Rana tana tsakar ka, hula ko rawani ya jefa inuwa a kan idanu. Mai hoto ya fara auna ranar kanta: a ISO 100 da labule 1/125, a sararin da babu gajimare, yakan sami wajen 16. Sai ya nemi filashi ya ba shi 11 ko 8 a fuska, ƙasa da rana da mataki ɗaya ko biyu, don ya buɗe inuwar ba tare da an gane an haska ba. Ƙaramin filashi mai lamba 32 ba zai ba da 11 ba sai yana cikin mita 3, shi ya sa za ka ga ana matso da sanda kusa. In hazon hunturu ya sauko ya tausasa rana, lambobin duka sun canza, a sake awo.

Na san abin da matasa za su ce, kuma suna da hujja. Yanzu kyamara tana da allo a baya, ka ɗauka ka duba, in bai yi ba ka sake. Gaskiya ne, kuma da yawa suna cin abinci da haka. Amma allon nan yana yaudara. Da daddare hoto mai duhu yakan yi kyau a kansa saboda shi kansa fitila ne, da rana kuma ba ka ganin komai sai ka rufe shi da hannu. Sannan sakewa tana da tsada ko da fim ya ƙare. Hakimi ba zai zauna ana haska masa ido sau goma ana gwaji ba. Liman ya shafa fatiha sau ɗaya ne. Yaro ya yi murmushin farko, na biyar kuka ne. Wanda ya auna tun kafin mutane su zauna, hankalinsa yana kan fuska lokacin da ya kamata, ba a kan bayan kyamara ba. Ma'auni yana kuma tona asirin kayan aiki: batir ya yi sanyi, filashi bai gama cika ba aka buga, lambar da ta kasance 8 ta koma 5.6, nan take za a gani.

A situdiyo ribarsa ta fi bayyana, domin can aiki iri ɗaya ake maimaitawa. Hoton fasfo na maniyyata aikin hajji, na ɗaliban da za su rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, na fostar 'yan takara in zaɓe ya ƙarato a mazaɓar Albasu da Gaya da Ajingi. Ana son farin bango ya fito fari, saboda haka a auna shi daban, a ba shi haske sama da na fuska da kamar mataki ɗaya. In an zarce, hasken ya dawo ya cinye gefen kunne da bakin mayafi. Mai hoton da ya daidaita wannan sau ɗaya, mutum ɗari za su zauna a kujerarsa su tashi da hoto iri ɗaya, ba sai ya kwana a gaban kwamfuta yana gyara ba. Masu ɗaukar fim ma da shi suke tabbatar da cewa fitowar da aka ɗauka yau ta dace da wadda za a ƙarasa jibi, kuma duk mai son aikin Kannywood ya ƙara inganci zai so ya ga na'urar nan a wuyan kowane mai kula da haske.

Ba kowa ne zai iya saye ba. Sabo yana da tsada, ko ƙarami irin Sekonic L-308, kuma ba a kowane shago ake samun sa ba. Amma ma'auni ɗaya yana isar masu hoto da yawa, domin akwai wata tsohuwar dabara ta masu situdiyo. Ka aro shi na yini ɗaya. Ka kafa filashinka da lemarka a ƙarfin da ka saba, a ce rabi, a ISO ɗin da ka saba. Ka ɗaura igiya a jikin sandar. Ka riƙe ma'auni kana ja da baya ana bugawa, inda ya nuna 11 ka ƙulla igiyar, inda ya nuna 8 ka sake ƙulli, haka a 5.6 da 4. Ka rubuta lambar kowane ƙulli a ɗan ƙyalle ka ɗaura. Daga ranar, ko a Gafasa kake ko a Kunkurawa, sai ka ja igiya zuwa haɓar mutum ka karanta ƙofarka. A yi awon a fili da daddare in aikin waje za a yi da ita, a yi wata igiyar daban don cikin ɗaki, tunda bango yana ƙara nasa. Ranar da aka canza lema ko aka sayi sabon filashi, a kwance ƙulle-ƙullen a sake aro ma'auni.